Rantsuwar Yordanos

"Shekara nawa kuma, Yordi? Ki faɗa min gaskiya, shekara nawa?"

Yordanos ta maƙale wayar da kafaɗa tana jujjuya ƙwayoyin gahawa a kasko. Muryar Fitsum tana zuwa daga garin Gondar na Habasha tana yankewa, amma fushin cikinta kam ya iso garin Silver Spring na Amurka lafiya ƙalau.

"Ka yi haƙuri mana, rabin raina..."

"Haƙurin nan ya fara sa min furfura. Ke kika ce katin zamanki na dindindin ba ya kawo saurayi, sai kin zama 'yar Amurka za ki iya nema min biza mu yi aure. Lokacinki ya cika tun bara. Me kike jira?"

"Ka sani ai."

"Babanki." Ya ja numfashi, muryarsa ta yi laushi. "Yordiye, ina sonki kamar in mutu. Amma na gaji da sumbatar gilashin waya."

Ya kashe. Ta bi wayar da kallo.

Matsalar a bayyane take. Habasha ba ta yarda ɗanta ya riƙe ƙasa biyu. Ranar da ka yi wa wata rantsuwa, ranar ka fita daga tata. Shi kuwa mahaifinta, Ato Gebreyes, ɗansa Henok, yayanta, ya mutu sanye da kakin sojan Habasha. Tun da tsohon ya dawo wurinta bayan rasuwar mahaifiyarta, ko da wasa ba a ta da zancen canza fasfo a gidan. Shi ya sa take karatun jarrabawar zama 'yar Amurka a ɓoye, cikin mota ko a kicin, kamar mai satar nama a tukunya.

Sai dai wayoyin zamani ba su da sirri. Tana shiga falo da tiren gahawa, darasin da kiran Fitsum ya katse ya ci gaba da kansa, muryar wata Baturiya ta cika ɗakin.

Ta yi wuf za ta kashe.

"Bar ta," in ji tsohon daga kan kujerarsa. "Me matar nan take cewa?"

"Ba komai, Abaye... karatu ne."

"Turancina bai wuce na gaida direban bas ba, amma ba kurma ba ne ni. Zauna ki fassara min."

Ta zauna a 'yar kujera, ta zuba garwashi da lubban, ta gyara kwanon gugguru, ta sake gyara shi. Ƙarya tana nan a bakin harshenta, mai sauƙi: dokokin hanya ne kawai. Ta zuba masa kofin farko, ta haɗiye ƙaryar.

"Rantsuwar zama ɗan ƙasa ce. Cewa take... na yi watsi, gaba ɗaya, da duk wata biyayya ga ƙasar da na fito."

Sau nawa ta maimaita kalmomin nan da Turanci ba ta ji komai ba. Yau da suka fito da harshen da mahaifiyarta ta yi mata rarrashi da shi, sai da tsigar jikinta ta tashi.

"Sake faɗa."

"Abaye, don Allah..."

"Henok ya ba Habasha jininsa, ke kuma za ki ba ta baya. Saboda ɗan malamin makarantar nan mai siraran ƙafafu."

"Henok ya tafi, Abaye! Fitsum yana raye, ni ma ina raye." Kuka ya ƙwace mata. "Shekarata talatin da ɗaya. Ina so in haihu kana ganin jikanka. Ban daina son ƙasata ba, amma ba ita za ta riƙe min hannu in na tsufa ba."

Ta toshe baki. Tunda take ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

Tsohon ya shanye kofin farko, ya miƙo. Ta zuba na biyu, rabi a kofi rabi a tire. Ya daɗe yana kallon taga.

Saura na uku. A gidansu kofi na uku na albarka ne, babba ba ya shansa sai ya sa wa mai dafawa albarka, in kuwa ya tashi ya bar shi, to ya hana albarkarsa ke nan. Ta tafasa, ta zuba, ta miƙa da hannu biyu, kanta a sunkuye.

Kofin ya yi ta ƙona mata yatsu. Can ya karɓa.

"Allah ya ba ki gida mai sanyi, 'yata. Ya ba ki 'ya'yan da za su faɗa miki gaskiya ko da tana da ɗaci." Ya kurɓa. "Ki shigar da takardunki. Yaron kuma ya turo dattawansa neman aure yadda ake yi, su same ni a ƙofar gidana a Gondar."

Ta ɗago da murna, sai sunan garin ya tsayar da ita.

"Gondar? Ziyara za ka je?"

"Komawa zan yi."

"A'a, Abaye... wa zai dafa maka? Wa zai tuna maka maganinka?"

"Goggonki tana nan, bakinta ya fi naki. Kabarin mahaifiyarki da na Henok suna buƙatar mai share su. In ke kin fita, dole ɗayanmu ya tsaya a ciki."

Ta zube ta rungume gwiwoyinsa tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Abin da take roƙo ta samu, amma ba ta taɓa jin zafi irin na yau ba.

Ya dafa kanta.

"Ranar da za ki yi rantsuwar, ki ɗaga hannun sosai, kada ki ji kunyar kowa." Ya ɗauke hannunsa. "Amma kada ki turo min hoton."