Sarki Biyu a Rumfar Auduga

Ummita, rage fitilar nan. Bashari, in ka san za ka jiƙa mana tabarma cikin dare, tashi tun yanzu. Sau ɗaya zan faɗa, kuma duk wanda ya kai wa Baffa Sallau maganar nan, ni da shi ne.

Ku Baffa kuke ce masa, ni kuwa ubana ne. Abin ya faru daren jajibirin sunana, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A lokacin tirela yake tuƙawa, daga Legas zuwa Funtuwa. A can bakin ruwa, inda direbobi ke yin kwana da kwanaki suna jiran lodi, ya koyi wata karta da suke kira foka. Za a raba wa kowa kati biyu a kife. Ka leƙa naka. In bai yi maka ba, ka zubar, ka fita. In ya yi maka, ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara a kai. Daga ƙarshe a buɗe, mai babban kati ya kwashe.

Baba ya iya ta, wannan kam ba zan hana shi ba. Yana da ƙa'idarsa, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji ta. Yakan ce 'yan karta iri biyu ne. Akwai matsoraci, wanda in ka ƙara kuɗi ka haɗe rai, ko katin banza ne a hannunka, zai zubar ya gudu. Akwai kuma ɗan a-bi, wanda ko me ka zuba sai ya bi ka. Shi wannan ba a yi masa burga. Zama za ka yi, ka yi ta zubar da ƙananan kati, ko sau talatin ne. Ranar da manya suka faɗo hannunka sai ka ƙara, ka ƙara da nauyi, tunda ba inda za shi. Da irin waɗannan mutanen Baba ya yi rufin kwanon gidanmu.

Yana hanya aka haife ni. Da saƙo ya same shi, ya zaɓi suna ya riƙe a ransa. Ko Inna bai faɗa wa ba. Ya ce shi da bakinsa zai raɗa wa liman da safiyar suna, bayan sallar Asuba.

To, ya ajiye mota a Funtuwa. Motar ƙarshe ta sauke shi a mararraba, dare ya riga ya raba. Kun san hanya biyu ce zuwa garinmu. Ga ta zagaye, ga ta yanke da ke bi ta tsohuwar rumfar awon auduga. Ya bi ta yanke, shi kaɗai.

Ya ce tun daga nesa ya hango haske a rumfar. Fitilar aci-balbal ce. Iska tana kaɗa ciyawa, amma harshen wutar ko motsi ba ya yi.

Sai ya ji ƙarar kati. Tas. Tas. Tas.

Mai hankali da ya ji haka ai sauri zai ƙara. Shi tsayawa ya yi.

Mutum uku ne a kan buzu, da manyan riguna har ƙasa. Can gefe, jingine da ginshiƙi, wani tsoho a takure, ya matse kati biyu a ƙirji. Tsakiyarsu kuɗi ne tuli guda. Baba ya tsaya yana kallo. Na farko ya tura kuɗi ya ce, "Na bi." Na biyu ya ce, "Na bi." Na uku ma haka. Ba wanda ya ɗaga katinsa ya leƙa. Ba wanda ya zubar.

Ya ce a ransa, Allah ya kawo ni gidan 'yan a-bi.

"Salamu alaikum," in ji shi.

Ba su amsa ba. Mai rabon, wani dogo, ya ce, "Zauna, direba."

Bakin dogon yana gabansa, amma muryar ta bayan kunnensa ta fito. Ya waiga, ba kowa.

"Yaya Nafi'u, bai duba ƙafafunsu ba?"

Ummita, ɗan karta hannu yake kallo. Bari in kai wurin.

Baba ya ce zagaye uku kawai zai yi ya wuce. Aka raba. Katin sanyi ƙalau, kamar an tsamo shi daga randa. Ya leƙa, bakwai da biyu. Ya zubar. Nan take dogon ya tattara kati ya sake rabawa. Tara da huɗu. Ya zubar. Aka sake tattarawa. Uku da takwas. Ya yi tsaki ya zubar.

Ku lura da wannan, don nan ne ya kashe kansa. Duk sanda ya zubar, wasan ƙarewa yake. Ba a buɗe katin kowa. Ba wanda ya kwashi ko kwabo. Tulin nan yana nan, sai dai ya ƙaru da ɗan abin da yake sawa na shiga. Shekararsa goma yana karta, bai taɓa ganin haka ba, amma bai tambaya ba. Hankalinsa duk yana kan katin da zai zo.

Zagaye uku ya zama goma. Goma ya zama ashirin. Wata ya karkata. Ya ce gumi yake yi cikin sanyin nan, don takaici. Ga dukiya a gabansa, ga wawaye uku da ba sa gudu, shi kuma sai tarkace ke zuwa masa. Sau biyu ya yunƙura zai tashi. Sau biyu ya ce bari a raba na ƙarshe.

Sai aka raba. Ya ɗaga gefe. Sarki. Ya ɗaga ɗayan. Sarki.

Ya daidaita fuska. Ya tura rabin abin da ke aljihunsa.

"Mun bi," suka ce. Su uku, murya ɗaya.

Ya jira a ci gaba. Dogon ya ce, "Da kai." Wato shi ake jira ya sake ƙarawa.

Ya ɗan yi mamaki, amma daɗi ya fi yawa. Ya tura sauran.

"Mun bi. Da kai."

Ya cire agogo. Suka bi. Ya cire hula. Suka bi. Ya cire takalmi, sabo, wanda ya saya don taron sunan. Suka bi.

"To, a buɗe mana," in ji Baba.

"Da kai."

"Ba ni da komai kuma."

"Kana da shi," in ji dogon. "Akwai abu a bakinka. Kwana shida kana riƙe da shi, ba wanda ya ji."

Baba ya gane. Sunana ne.

Ni dai da a ce tsoro ne ya sa shi, da na yafe masa tuntuni. Ba tsoro ba ne. Lissafi ya yi. Ya ce suna ai ba kuɗi ba ne. Ga sarki biyu a hannu, ga mutanen da ko katinsu ba su duba ba. Ƙa'idarsa ta ce a irin wannan wurin ake ƙarawa. Ya sunkuya, ya raɗa sunan a kan tulin. Ya ce ya ji wani abu ya fita daga harshensa, kamar an zare masa gashi daga cikin tuwo.

"Mun bi," suka ce. "Da kai."

"Kai malam, wace irin karta ce wannan? Yaushe ake buɗewa?"

"A nan ba a buɗewa."

"To yaya ake ci?"

"Sai wani ya zubar."

"Ku zubar mana!"

Dogon ya yi murmushi. Haƙoransa sun yi yawa. Ya miƙe ƙafa don ya gyara zama, rigar ta ɗan janye. Ummita, ga amsarki. Kofato ne, irin na jaki, da busasshiyar laka a jiki.

Baba ya nemi addu'a a bakinsa, ta ƙi haɗuwa. Sai ya ji wata murya a gefe, a shaƙe. Tsohon nan ne na jikin ginshiƙi.

"Na bi," in ji tsohon. Da alama ba da kowa yake ba.

Baba ya dubi ƙafarsa. Ta mutum ce, duk faso. Farcen hannunsa sun yi tsawo har sun naɗe katin.

"Baba tsoho, me kake riƙe da shi?"

Tsohon ya ɗan karkato hannu. Sarki biyu ne, sun koɗe.

"Tun yaushe?"

"Ana awon auduga a nan ranar da na zauna," ya ce. "Saura kaɗan su zubar."

Ku kun san rumfar nan. Tun kafin Baba ya yi wayo aka daina awo a cikinta.

Can nesa, daga wajen garinmu, ladan ya yi gyaran murya a lasifika. Kiran farko. In aka idar da Asuba, mutane za su zauna a ƙofar gidanmu, a raba goro, liman ya juyo ya nemi uban yaro.

"Da kai," in ji dogon. "Kana da sauran abubuwa. Akwai hanyar gidanku. Akwai fuskar matarka."

Ya ce bai taɓa jin kati ya yi nauyi haka ba. Shekara goma yana gaya wa mutane ba a zubar da manya a gaban ɗan a-bi. Hannunsa ya ƙi buɗewa. Sai da ya sa haƙori ya ciji yatsansa, sannan katin suka faɗi.

"Na zubar," ya ce.

Wutar ta mutu. Ba buzu, ba kuɗi, ba mutane, sai warin tsohon buhu. Amma a cikin duhun, ta wajen ginshiƙi, ya ji an ce a hankali, "Na bi."

Da gudu ya iso gida, ba hula, ba takalmi, ƙaya ta yayyage masa ƙafa. Ya tarar an zauna. Liman ya matso da kunne ya ce, "Malam Sallau, wane suna?"

Ya buɗe baki. Shiru. Ya sake buɗewa. Mutane suka fara kallon juna. Da abin ya yi tsawo, kakanmu ya ce a sa wa yaro Nafi'u, aka shafa fatiha.

Da iyakar abin ke nan, da sauƙi. Suna ai suna ne. Amma ba sunan da ya zaɓa kaɗai suka ɗauke ba, har mazauninsa suka haɗa. Ka ce masa Nafi'u yanzu, zai gyaɗa kai, kafin ya juya sunan ya zube masa. Inna ta rubuta masa a takarda ya sa a aljihu. In ya buɗe, yana ganin baƙaƙen, bakinsa ba ya iya haɗa su. Mutanen gari suna cewa kara ce yake yi mini. Wace kara? Ni ne ɗan fari? Ni ne na uku. Sunan yayyena a bakinsa kamar ruwa.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Bara, da ya kwanta ciwo, ni na yi jinyarsa. Wata rana na gaji, na tambaye shi kai tsaye. Na ce, "Baba, ka taɓa yin nadamar daren nan?" Hawaye ya gangaro masa. Na ce yau dai zan ji abin da nake jira.

Ya ce, "Kai... sarki biyu ne fa a hannuna."

Na tashi na ɗauko masa ruwa.

Saboda haka ku ji da kyau. In dare ya same ku a mararraba, ku bi ta zagaye, ko da ƙafarku za ta kumbura. In dole ce ta sa ku yanke, ku nemi abokin tafiya, kuma in kun ji ƙarar kati kada wanda ya waiga. Bashari, daina leƙen ƙofa, Baffanka ne ya fito alwala. Ku yi shiru ku ji yadda zai kira ni.