Jan Farce a Bayan Inji

Sufeto Sha'aibu bai gama rataye hularsa ba ya jiyo motar. Tun daga bakin titi take karkarwa, da wani ƙara a cikinta kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya daɗe yana tuƙa motar 'yan sanda kafin ya samu girma, don haka kunnensa ya riga idonsa sanin a-kori-kurar nan ba lafiya.

Hajiya Balaraba ce ta sauko, mai sayar da shinkafa a kasuwar Tarauni. Ƙanenta Isyaku na biye, ya shaƙo wuyan rigar wani bakanike. Direbanta Mansur ya maƙale a jikin mota.

"Yallaɓai, ɓarawo na kawo maka," in ji Hajiya. "Ikechi ne, mai gareji a Gyaɗi-Gyaɗi. Sabon kuloci da sabon fulawil na sayo masa ya sa. Ka ji yadda take yi? Ya sace sabon ya bar min tsohon. A gaban mutanen layinsu na faɗa, kuma ko waye ne a ɗaure shi."

"Oga, na sa sabo," in ji Ikechi. "Tsohon na ɗora shi a bayan mota. Mansur ya gani."

"Ban ga komai ba," in ji Mansur, idonsa a ƙasa.

Saje ya matso yana murza hannu. "Oga, a ba ni shi zuwa la'asar, zai yi magana."

"Soja sun koma bariki, Saje. Kai ma koma kujerarka."

Sufeto bai yarda da kowa a cikinsu ba. Amma ya san abu ɗaya: idan sunan ɓarawo ya zauna wa bakanike, ko an sake shi babu mai ƙara kawo masa ko keke. Ya sa aka ajiye Ikechi a bayan kanta, ya karɓi makulli.

Yana murzawa kik ya yi ƙarrr kafin inji ya kama. Ya sa giya ɗaya, ya saki kuloci a hankali, motar ta hau rawa har madubi na kaɗawa. Da ta ɗauki gudu ta ɗan lafa, ya taka kuloci ƙaran ya dawo. Ciwon a bayan inji yake, babu shakka.

"Mansur, yaushe ta fara?"

"Tun daga ƙofar gareji, Yallaɓai."

"Hajiya, kin shige ta ranar da aka karɓo ta?"

"Na shiga mana. Mansur ya kai ni Daurawa barka. Har gyangyaɗi na yi a hanya."

Sufeto ya ɗan kalli sitiyarin da ke neman ƙwacewa daga hannunsa. Wanda zai yi gyangyaɗi a cikin wannan ai sai dai gawa. Ya lura Mansur yana share gumi.

A garejin Ikechi ya kira wani bakanike daban ya sauke giyabos, mutanen layi sun yi cirko-cirko suna kallo. Fulawil ya bayyana, ƙaton faifan ƙarfen nan mai haƙora da kuloci ke kamawa. Tsoho ne, fuskarsa duk tabon ƙuna.

"Ka gani ko!" Isyaku ya ɗaga murya. "Na faɗa!"

Sufeto ya durƙusa. Haƙori ɗaya a karye yake, karayar sabuwa, ta guduma ce. Notinan kuma an ɗaure su yadda aka ga dama, wani ya ji hannu wani yana lilo, shi ya sa kulocin ya zauna a karkace. A kan kowane noti akwai ɗan jan layi da ya zo baki ya yanke. Jikin fulawil ɗin kuwa ko ɗigon ja babu.

Ya sa aka kawo Ikechi.

"Wa ya karya haƙorin nan?"

"Ni ne, Oga. Duk abin da na cire sai na lahanta shi, kada wani ya wanke ya sayar."

"Wannan jan fa?"

"Fenti ne."

Sufeto ya kankara da farce ya shinshina. "Ƙarya kake."

Ikechi ya sosa ƙeya. "Jan farcen Nkolika ne, matata. Ba ta sani ba. In na ɗaure noti sai na ja layi daga kansa zuwa jikin ƙarfe. In ya motsa zan gane."

'Yan kallo suka kwashe da dariya. Sufeto bai yi ba. Rabin kowane layi yana nan, ɗaya rabin yana jikin sabon fulawil, duk inda yake.

Da la'asar ya je layin su Hajiya a Babban Giji ba kaki, ya zauna a bencin Sani mai shayi. A tsallake akwai wata tsohuwar a-kori-kura, irin ta Hajiya sak.

"Ta waye waccan?"

"Ta Isyaku ce," in ji Sani. "Ai mu Allah ya yaye mana. Kullum da safe sai mun bar shayi ya huce mun tura ta har kwanar masallaci. Tun Lahadi kuwa makulli ɗaya take tashi."

"Wa ya gyara masa?"

"Oho. Na dai ga motocin biyu a bayan gida, an tokare su da itace."

Sufeto ya shanye shayinsa, ya aika a kira Saje ya taho da Ikechi. Da kowa ya hallara ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin motar Isyaku, ya kwance ɗan murfin da ke ƙasan giyabos, ya haska tocila. Ƙarfe fes, sabo dal. A gefensa ga gajerun jajayen layuka da ba su haɗu da komai ba.

Ya fito yana kaɗe riga.

"Isyaku, kai ma matarka jan farcen Nkolika take sawa?"

"Ni a kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo fulawil ɗina."

"Mansur, ranar Lahadi wa ka ba makulli? Ka yi tunani da kyau, kujerar bayan kanta tana ɗaukar mutum biyu."

Mansur ya zube. "Shi ya karɓa, Yallaɓai. Ya ce in na faɗa sai ya sa an kore ni."

Isyaku ya juya ga Hajiya. "Yaya, nawa ya tsage, na gaji da zama abin dariya a layi. Na ga tsohon naki a bayan mota, na ɗauka in na mayar zai ci gaba da aiki. Ban san ya karya shi ba."

"Da kai fa muka je muka ci mutuncin bawan Allahn nan," in ji Hajiya. Hawaye ya cika mata ido. Ta matso kusa da Sufeto. "Yallaɓai, abin na gida ne. A bar mana shi mu sasanta."

"Da safe kin ce ko waye ne, Hajiya."

Ya tausaya mata har ransa, amma bai hana Saje buga ankwar ba. Aka tasa ƙeyar Isyaku, mutanen da suka saba tura masa mota suna tsaye suna kallo.

Hajiya ta daɗe kafin ta iya ɗaga kai ta dubi Ikechi. "Ka yi haƙuri. Ka mayar min da sabon fulawil ɗin."

"Zan mayar, Hajiya," in ji Ikechi, yana gyara wuyan rigarsa da ya yage. "Amma haƙurin nan ba a nan za ki ba ni ba. Ki zo gareji gobe, a gaban mutanen da kika tara."