Kaskar Bayan Kunne

Ana busa ƙahon tashi, na'urar da ke maƙale a bayan kunnen Tanimu ta yi ɗan motsi. Wani sanyi ya gangaro masa daga ƙeya har dugadugai, ciwon gwiwar da ya yi shekaru yana lallashi ya ɓace kamar an zare ƙaya. Sai ga wani layi kore ya shimfiɗu kan kwalta a gabansa, shi kaɗai ke ganinsa. Wata murya mai taushi ta ce daga cikin kansa, "Bi layin. Sauran aikin nawa ne."

Kamfanin da ya ƙera na'urar ya sa mata suna Kauda-gajiya, amma mutanen Birnin Tsauni ba su da lokacin dogon suna. Kaska suke ce mata, don girmanta bai wuce na kaska ba, kuma idan ta kama fata sai da dabara take saki. Aikinta ba wuya a gane. Tana tare saƙon zafi da gajiya kafin ya isa ƙwaƙwalwa, tana daidaita bugun zuciya da taku. Sannan tana yin abin da kamfanin ke kira tace-hanya: duk abin da ba zai ƙara wa mai gudu sauri ba, ihun 'yan kallo ne ko fuskokin mutane, sai ta dusashe shi daga ido da kunne. Hukumar Babban Tseren Birni ta halatta ta a bana, kuma akasarin dubban da suka yi layi a Dandalin Jiragen Sama suna sanye da ita.

Ƙungiyar 'Yan Sassarfa ta Unguwar Maƙera ce kaɗai ta ƙi. Ba wasu zakaru ba ne, tarin teloli ne da masu gyaran mutum-mutumin shara da tsofaffin ma'aikata, masu haɗuwa bayan sallar asuba su zaga unguwa suna haki suna tsokanar juna. Dokarsu ɗaya ce, kowa da abokin kafaɗarsa. Dalili kuwa sun san halinsu: babu namijin Maƙera da zai buɗe baki ya ce ya gaji, gara ya faɗi. Don haka ba a tambayar mutum, kallonsa ake yi. Abokin kafaɗarka ya san yadda numfashinka ke canzawa, idan ya ce tsaya, ka tsaya ko da kana hango ƙarshen hanya.

Abokin kafaɗar Tanimu shi ne Baba Barau, tsohon direban jirgin dogo na sama, mai furfura da taurin kai da zuciyar da likitoci suka taɓa yi wa faci. Da safen nan matarsa, Inna Lantana, ta rako su har bakin lifta mai sauko da mutane daga bene.

"Tanimu," ta ce, "ka san mutumin naka. Idan ka ga kafaɗarsa ta hagu ta sauka, ka zaunar da shi, ko zai zage ka."

"Inna, kada ki damu, ina tare da shi."

Baba Barau ya yi tsaki yana dariya. "Ji ta! Ni da na tuƙa jirgi a saman gajimare, kwalta ce za ta kayar da ni?" Ya dubi Tanimu sama da ƙasa. "Kai kuma wannan hular sanyin fa, a zafin nan?"

"Mura ce, Baba."

Ba mura ba ce, kaska ya ɓoye. Tanimu mai wanke gilashi ne a Hasumiyar Zarra, ginin da ya fi kowanne tsawo a birnin. A jikinta ake rubuta da haske sunayen waɗanda suka gama tseren kilomita arba'in da biyu kafin a rufe Ƙofar Zinariya da ke ƙarshen hanyar, su kwana shekara guda suna walƙiya. Kullum yana lilo a igiya yana goge sunayen 'ya'yan wasu. Duk shekara yana da ƙafar da za ta kai shi, duk shekara sai ya rage gudu saboda tsoho, su isa an riga an naɗe tabarmar biki. Yana son Baba Barau har ransa, amma abin yana ci masa tuwo a ƙwarya. Ya yi wa kansa alkawarin zai bar kaskar ta kashe masa ciwon gwiwa ne kawai, idonsa kuma na kan tsohon. Haka ya gaya wa kansa, kuma ya yarda.

Da farko abin ya tafi daidai. Suka bi ta ƙarƙashin rumfar gilashin Kasuwar Tsakiya, manyan fankoki na feso musu raɓa, Baba Barau na gefensa yana mita kan takalmansa. A hankali mitar ta yi nisa, kamar ana magana a wani ɗaki. Launin riguna ya koɗe, mutane suka zama inuwoyi masu launin toka da jikinsa ke kauce wa da kansa. Bai ji tsoro ba, don tsoro ma yana cikin abin da kaska ke tacewa. Daɗi ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya hau Gadar Sama ya sauka, ya ratsa unguwannin masana'antu, layin kore na ja, shi kuwa yana bi.

Ya shige Ƙofar Zinariya tana buɗe wangale. Aka rataya masa lambar yabo a wuya, aka kai shi rumfar kamfani inda ake cire na'ura. Wata injiniya mai farar riga, Zinatu, ta ɗiga ruwan magani a bayan kunnensa ta zare kaskar. Hayaniyar duniya ta dawo masa gaba ɗaya. Ya waiga hagu, inda kafaɗar tsoho ta saba zama, babu kowa.

"Akwai wani dattijo da muka taso tare," ya ce. "Barau, ɗan ƙungiyar Maƙera. Ya iso?"

Zinatu ta taɓa allon hannunta, ta daɗe tana kallo. "Ɗan'uwanka ne?"

"Abokin kafaɗata ne."

"Sai haƙuri, malam. Ya faɗi a kan Gadar Sama. Ba ya sanye da kaska, shi ya sa na'urorinmu ba su san da shi ba, waɗanda ke wucewa kuma ba sa gani. Kafin jirgin agaji ya lura, rai ya yi halinsa."

Tanimu ya ce a nuna masa. Ta yi jinkiri, amma kowace kaska tana naɗe duk abin da ido da kunne suka ɗauka kafin ta tace, kuma doka ta ba mai gudu damar ganin nasa. Ya ga gadar ta cikin idonsa, da cikakken launi. Ga Baba Barau ɗan gaba kaɗan, kafaɗarsa ta hagu ta sauka sosai, ko baƙo zai lura. Ga shi ya juyo, ya miƙo hannu. Mutumin da bai taɓa cewa ya gaji ba a rayuwarsa ya buɗe baki ya ce, "Tanimu, ɗana, tsaya." Ya durƙushe. Hoton ya ɗan karkata dama, ya zagaye shi tsaf ba tare da taku ya canza ba, ya miƙe hanya.

Tanimu ya zauna yana jiran abin ya doke shi. Ya san abin da ya aikata, ya san girmansa, amma ƙirjinsa shiru kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

"Me ya sa ba na jin komai?"

"Tacewar takan ɗan daɗe a jiki," in ji Zinatu, idonta a ƙasa. "Yawancin mutane ji yana dawo musu."

"Sauran fa?"

Ta shiga shirya kwalabenta.

Aka yi jana'iza da la'asar. 'Yan Maƙera suna ta sharar hawaye, manya da su, suna karɓar makara daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Tanimu ma ya sa tasa, ko nauyin gawar bai ji ba. Da ya je gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, Inna Lantana ta ɗago cikin mayafin takaba.

"Ba zan ɗora maka ba, kwana ne ya ƙare," ta ce. "Abu ɗaya nake so in sani. Kana kusa da shi? Bai tafi shi kaɗai ba?"

Ƙarya ɗaya za ta sanyaya mata rai, kuma da yana da sauran tausayi da ya yi ta. Sai ya ji muryarsa ta fito sumul, kamar mai karanta labarai. "Ya kira ni, Inna. Na zagaye shi na wuce."

Ta daɗe tana neman wani abu a fuskarsa. Da ba ta samu ba, ta ja mayafi ta rufe tata.

Ƙungiyar ba ta kore shi ba, sai dai babu wanda ya yarda ya zama abokin kafaɗarsa, shi ma bai nema ba. Damina ta zo ta wuce. Yanzu kowace safiya yana sauka a igiya ta gefen gabas na Hasumiyar Zarra, ya tarar da sunansa, kowane harafi ya fi shi tsawo. Yana goge shi fes, don aikinsa ke nan. Daga can sama yana hango layin mutane a ƙofar kamfani, ya zagaye gini, suna jiran sabuwar kaska wadda aka ce ta fi ta bara iya tacewa. Wani lokaci yakan ajiye tsumman, ya sa babban yatsa ya danna tsohuwar gwiwar nan da ƙarfi, yana roƙon Allah ta yi masa ciwo. Har yau ba ta yi ba.