Bakwai da Ta Koma Shida

Da la'asar ɗin Alhamis aka kira Sufeto Tariq zuwa wata cibiyar karatun addini a Omdurman, ƙasar Sudan. An tsinci gawar Badaru, mai kula da na'urorinsu, a ɗakin taron bidiyo inda malaman ƙasashen waje ke yi wa ɗalibai jarrabawar baka. An fasa masa ƙeya da ƙafar kyamara.

Kafin ya iso, kurata sun riga sun sa wa Halliru ankwa, wani ɗalibi daga Zariya da ke taya mamacin aiki. Abin ya ɓata wa Tariq rai. Shi ma jikan alhazan Hausawa ne da suka zauna a nan kan hanyar Makka, ya san yadda ake saurin damƙe baƙo, kuma hukuncin kisan kai a nan igiya ce.

Ustaz Hazim, magatakardan cibiyar, dattijo mai farin rawani, shi ya fara magana.

"Janabu Sufeto, mu uku ke da makulli: ni, da marigayi, da wannan Banajeriye. Ni ko kunna abin ban iya ba."

"Ina kake bayan azahar?"

"Ofishina. Jiya dai na ji su suna ƙus-ƙus, kamar faɗa."

Tariq ya juya ga Halliru da Hausa.

"Me kuka tattauna jiya?"

"Yallaɓai, na yi masa alkawari ba zan faɗa ba."

"Alkawari da gawa? Kai, wuyanka fa ake magana."

Halliru ya sunkuyar da kai. Taurin kai irin wannan, Tariq ji ya yi kamar ya mare shi.

Ya kunna na'urar. Allo ya kawo, amma kira ya ƙi fita. Ya sa aka matso da Halliru.

"Me ya same ta?"

Halliru ya duba. "An wanke ta tas, kamar yau ta fito daga kwali. Sannan aka sake shigar da lambobin sadarwa da hannu, don kada a gane an taɓa."

"A ina mutum zai samo lambobin?"

Ya nuna takardar da Badaru ya manna a bango, da lambobin boko: adireshin na'ura, 192.168.7.20, da na mashigar intanet a ƙasansa. Tariq ya bi su da yatsa yana kallon allo. Duk inda bakwai take, an sa shida.

Nan ya gano. Bakwai ɗin boko da shidan Larabci kusan kamarsu ɗaya. Wanda ya fara ƙirga a firamaren Zariya ba zai ruɗe ba, ko yana barci.

Ya ɓamɓare takardar, ya miƙa wa Hazim.

"Ustaz, idona ya gaji. Karanto min da sauri in rubuta."

Hazim ya fara da Larabci. Da ya zo lamba ta uku ya ce, "Sitta."

"Shida ka ce?"

Dattijon ya sake duban takardar.

"Mai na'ura ba ya kuskure a lambar da yake bugawa kullum," in ji Tariq. "Me kake son gogewa?"

Hazim ya zauna daɓas.

"Shahd, 'yata. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar. Ranar Talata na sa wata ta zauna mata cikin niƙabi. Mayafin ya zame, na'ura ta ɗauka, Badaru ya gani. Yau ya kira ni ya ce, 'Ustaz, game da hoton nan...' Ban bari ya ƙarasa ba."

Tariq da kansa ya kwance ankwar daga hannun Halliru, ya miƙa wa kurtu ya sa wa Hazim. Sun kai bakin ƙofa da Hazim sai Halliru ya yi magana.

"Ustaz, tun jiya ya goge hoton a gabana. Ya rantsar da ni kada in tona asirin 'yar mutane. Kiran da ya yi maka, don ya ce ta sake zama da kanta ne, shi ke nan."

Hazim ya zube a wurin. Sai da kurata biyu suka tallabe shi zuwa mota.