Ruwan Da Turai Ta Ajiye A Rana

A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, motar Hambali ta tafasa a ƙauyen Kwandiko. Tsohuwar mota ce da wani Bature ya bari, Hambali yana jigilar fasinja da ita tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Ya ɗaga bonet, tururi ya turnuƙe. Da ya washe, sai ga budurwa tsaye da ƙwaryar ruwa.

Turai ce, 'yar gidan bakin hanya. Ya gode, amma ya ce ruwan randa ya yi sanyi, in aka zuba wa inji mai zafi tsagewa zai yi. Ya jira injin ya huce. Ita ma ta jira.

Tun daga ranar, motar ba ta wuce Kwandiko sai ta tafasa. Hambali bai gyara ba, bai kuma yi niyya ba. Fasinja na tsaki a gindin tsamiya, shi yana karɓar bokiti a hannun Turai. Tana kiransa Mai Tururi. Shi kuwa Sanyin Raina yake ce mata, can ƙasa-ƙasa.

Da manyansa suka je neman aure, Bappa, ƙanen mahaifinta da ya rene ta, ya ƙi. Ya ce wanda ya kasa riƙe ƙarfe ba zai riƙe mace ba. Ran da motar ta je Gwaram ta dawo ba ta tsaya ƙofarsa ba, a zo a yi magana.

Ga kuma Maikano, makanikin Birnin Kudu, shi ma Turai yake so. Shi ya ce wa Hambali laifin tamosta ne, ɗan ƙarfen da ke tare ruwa har inji ya yi ɗumi, sannan ya buɗe ruwan ya zaga lagireto. Ya ce ya cire ya yar, kowa haka yake yi a ƙasar zafi. Hambali ya ƙi. Ko gaskiya ce, ba daga bakin Maikano zai karɓa ba.

Wata ranar kasuwa ya hango akori-kurar Maikano a ƙofar gidan, bonet a ɗage, Turai na miƙa masa ƙwarya tana dariya. Allurar zafi ta kai ja, amma Hambali bai tsaya ba. Ya taka har motar ta mutu a dokar daji, fasinja suka ƙarasa a ƙafa suna zaginsa.

Ya ɗauke ƙafa daga Kwandiko. Abinci ya daina shiga. Ya cire tamostan ya tafi da shi Kano, mai kayan gyara ya juya shi a hannu, ya ce na ƙasar sanyi ne, ba ya buɗewa da wuri, ga shi tsatsa ta ci shi. Ya ba shi na ƙasar zafi, ya ce in yana shakka ya dafa su tare ya gani.

Bai dafa a gida ba. Kwandiko ya kai su, fuska a murtuke, ya ce wa Turai ta ɗora tukunya a ƙofar zaure. Ta ɗora, ya jefa su ciki.

"Ashe ruwanki na kowa ne," in ji shi.

"Na randa na kowa ne. Shi na ba Maikano, don motarsa ko ɗumi ba ta yi ba. Je ka taɓa bokitin can."

Bokitin na jikin danga, a rana. Ya tsoma hannu, ruwan da ɗumi. Tun ran da ya ce mai sanyi na fasa inji take ajiye masa shi kullum safe, har kwanakin da bai zo ba. Hambali ya zare hannu, ya koma bakin tukunya.

Kafin ruwan tukunya ya tafasa, sabon ya buɗe. Tsohon kuwa ruwa na ɓararraka yana nan a rufe. Turai ta tsamo shi da ludayi.

"Wannan halinka ya ɗauko, Mai Tururi. Ciki na tafasa, baki a kulle."

Hambali ya wanke lagireto, ya ɗaure fambel, ya sa sabon tamostan da hannunsa. Ya wuce ƙofar Bappa tafiya da dawowa, allura a tsakiya. Turai na tsaye bayan danga, ƙafarsa na neman birki, ya ƙi takawa. Bappa ya bi motar da kallo har ta ɓace, sannan ya aika wa Hambali ya turo manyansa.

Da kaka aka ɗaura aure. Maikano ya zo, ya ci goro, ya yi fatan alheri. Motar ce ta ɗauki amarya zuwa Birnin Kudu. Ana loda kayan ɗaki, Hambali ya ga bokitin a ciki, ya ce ai mota ta warke.

"Mota ta warke," in ji Turai daga cikin lulluɓi. "Kai ne ban tabbata ba."

Bappa ya ɗora hannu a kan bonet, ya ji lafiya lau. Ya ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba da zuriya ta gari. Jama'a suka ce amin.