Sassaben Muhtari

"Muhtari! Mi ka yi muna?!"

Saura kaɗan kwanon furar ya suɓuce daga hannun Suwaiba. Gonar mahaifinta ce a bayan Dauran, amma wallahi ba ta gane ta ba. Fes! Ba kalgo, ba sabara, ba ko ɗan gawo guda. Ga saurayin nata tsaye da gatari, gumi na tsiyaya, yana ta murmushi, shi a dole ya yi abin kirki.

"Sassabe na yi ma Baba, Suwaibata. Abokai sha biyu na ɗebo daga Kaura tun da asuba. Na ga gona ta zama daji, tsoho ba ƙarfi, ba ɗa namiji..."

"Daji? Shekara ukku yana renon itatuwan ga!"

Murmushin ya ɓace.

Ina ɗan kasuwar hatsi zai sani? Manoman Dauran sun gaji da damina mai makara, sun gaji da iskar da ke binne gero da rairayi, a yi shuka har sau uku. Mahaifinta, Malam Labbo, shi ya tara su a ƙofar masallaci, aka ɗaura alkawari: an daina tumɓuke kututture, kowa ya reni tsiron itatuwan gonarsa su tare iska. Wanda ya sare kuwa, ba gayya ba biki tsakaninsa da jama'a, sai ya rene su sun kai masa kafaɗa.

Da a da ne, gangar gayya za ta tona su tun sara na farko. To bana Shari'a ta zo, samarin suka bar makaɗi a gida, wai kada su yi rashin ɗa'a a gonar malami. Shiru-shiru suka gama ɓarnarsu, sannan suka aika a kawo fura. Kai, ladabi ma wani lokaci masifa ne!

Malam Labbo ya iso yana dogara sanda. Ya daɗe yana kallon gonar, sannan ya zauna a ƙasa kamar wanda ya dawo daga jana'iza.

Muhtari ya durƙusa. "Baba, wallahi ban sani ba..."

"Na sani, ɗana. Allah shi saka ma niyyarka. Amma bara ƙanena Nuhu na ɗora ma dokar ga, har yau ba ya gaishe ni. Da wane ido zan ɗauke maka ita?"

"Damina nawa, Baba?" in ji Suwaiba.

"Biyu... in Allah ya ba da ruwa."

"Sau biyu ana ɗaga bikin ga saboda fari! Saura wata guda fa, Baba!"

Tsohon ya kau da kai. Ta ga idonsa ya cika, abin da ba ta taɓa gani ba, sai zuciyarta ta karye. Haushin Muhtari take ji, tausayin uban take ji, kuma son wannan sakaran bai ragu ko kaɗan ba.

"Suwaiba," Muhtari ya ce a hankali, "kin yi jira ya isa. In kin ce kin haƙura da ni, ba ni ganin laifinki."

"Na gaji, Muhtari. Wallahi na gaji..."

Ta goge fuska da gefen hijabi. Ta ajiye kwanon, ta tsuguna gaban wani kututturen gawo, ta share masa ƙasa da tafin hannu. Wurin saran ɗanye ne sharaf.

"Taho nan. Saiwar tana da rai. In ta tsiro, rassa biyu masu ƙarfi za ka bari, ka cire sauran. Ka ji ni? In ka sake kuskure, sai dai ka aure ni da furfura."

Ya jefar da gatarin, ya tsuguna nesa kaɗan da ita, hawaye na bin gemunsa.

"Biyu," ya ce. "Nuna min na gaba."