Kwikwiyon da Alkasum Ya Bari

Ni tsoron kare nake ji. Da furfurata da rawanina, in na hangi kare a lungu, sai in tuna ina da wata buƙata a ɗaya lungun. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa game da Illo da Zeinabou, ta bisa katangar da ta raba gidana da nasa na gan shi.

Zamanin Shugaba Diori ne, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ayarin gishiri na haramar tashi daga Agadez zuwa Fachi. Illo saurayi ne maraya, sana'arsa ɗinka wa matafiya salkar ruwa. Ranar tashin ayari wani Buzu abokin cinikinsa, Alkasum, ya zo karɓar salkunansa. Da zai tafi sai ya zaro ɗan kwikwiyo daga jaka, siriri mai dogayen ƙafafu, irin karnukan farautarsu.

"Uwarsa ta mutu, kuma ba zai iya hamada ba. Riƙe mini shi har in dawo. Amana."

Illo ya ce, "Na karɓa."

Ya cusa shi cikin riga don kada mutane su gani, ya kama hanyar gida. A ƙofar Malam Garba mai dabino ƙishirwa ta tsayar da shi, domin nan 'yar gidan, Zeinabou, take dama fura. Tana miƙa masa ludayi sai wani ɗan kai ya leƙo ta wuyan rigarsa.

Ta kalli kan, ta kalli Illo, ta kalli wani danshi da ya ɓata gaban rigar.

"Malam, ɗanka ya yi maka aika-aika."

"Tsoro ne, bai saba da gari ba."

"Kai ma da alama ba ka saba ba. Sha furarka, uban kare."

Ya sha. Bai san me ya sha ba, idonsa na kanta.

Tun daga ranar, Gwaggo Hauwa, ƙanwar Malam Garba, ta riƙa biyowa da ƙwaryar fura da saƙon baki. Ba ta rage komai, har harara takan kawo.

"Ta ce in ce maka: ‘Uban kare, ga fura, na ƙara nono. Ka dawo da ƙwaryar da kanka, in ƙafafunka suna aiki.’"

Shi kuma ya ce, "Ki ce mata: ‘Abuna, ƙafafu suna aiki. Zuciya ce ta tsaya a ƙofarku ta ƙi dawowa.’"

Da magana ta yi nisa, ni Illo ya aika wajen Malam Garba, don ba shi da uba kuma ni ne maƙwabci mai gemu. Malam ya saurare ni har na gama.

"Yaron ba shi da aibu. Amma 'yata ba za ta kwana a gidan da mala'iku ba sa shiga ba. Shi ba mafarauci ba, ba makiyayi ba, me zai yi da kare? Ya fitar da shi, in ba shi ita. In ya ƙi, ga Lukumanu mai butik, babban kantin nan, ya daɗe yana sallama."

Na kai wa Illo amsa ta bisa katanga. Ya girgiza kai.

"Kawu, ba nawa ba ne. Da bakina na ce na karɓa."

A wannan tsakanin ne aka ga kwikwiyon ba shi da lafiya, ciwon kuma ya yi ta tsananta. Da farko kashinsa ne ya yi laushi, daga baya ya koma ruwa, mai warin da ya tsallako katanga ya same ni. Ya daina wasa da igiyar salka. Haƙarƙarinsa suka fito, idanunsa suka faɗa. In Illo ya ja fatar wuyansa ya saki, sai ta tsaya a tattare, ba ta komawa. Lokotoron dabbobi kuwa, wato likitansu, ya fita daji yi wa garkuna allura, ba wanda ya san ranar dawowarsa.

Unguwa duka ta ga mafita, har da ni. Na ce masa, "Illo, ba kai ka sa masa ciwo ba. In Allah ya ɗauke shi, ba ka ci amana ba, kuma ga aure." Ya dube ni irin kallon da ake wa babba in ya faɗi abin kunya, ya ci gaba da kwashe yashin da ya ɓaci.

Lukumanu ma ya zo da nasa taimakon. Ya ce akwai kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa Damagaram, a jefa kwikwiyon a baya kowa ya huta. Illo ya yi masa godiya ya raka shi ƙofa. Daga nan Lukumanu ya wuce gidan Malam Garba, ya sha fura, ya ce cikin tausayi, "An ba shi zaɓi tsakaninki da kare mai zawo, Zeinabou. Ya zaɓa."

Fura ta daina zuwa.

Ranar da Zeinabou ta zo da kanta, Gwaggo Hauwa na biye da ita, ba don sulhu ta zo ba, ƙwaryarta ta zo karɓa. Ta tarar da Illo durƙushe a inuwa, kwikwiyon na kwance kan tsumma, a gefensa wani kasko da busasshiyar fura a gindinsa.

Ta nuna kaskon. "Wannan fa?"

Illo ya sunkuyar da kai. "Rabi nake sha, in zuba masa rabi."

"Furata? Da nake tashi in daka da hannuna, in sa yaji da citta don kai, ita kake ba kare?"

"Abu, duk gidan nan babu abin da ya kai ta daraja. Maraya ne kamata. Me zan ba shi in ba mafi kyawun abin da nake da shi ba?"

Sai Gwaggo Hauwa ta tafa hannu.

"Nono mai tsami da yaji a cikin jinjiri! Ku biyun nan kun haɗu kuna kashe shi, ɗaya na dakawa ɗaya na zubawa."

Zeinabou ta durƙusa nesa kaɗan, ta tattare zanenta. Kwikwiyon ya ɗaga ido ya dube ta, ya kasa ɗaga kai.

Ta ce a hankali, "Ashe ni ce. Lokacin da ƙanina ya yi irin wannan, Inna ruwan shinkafa ta riƙa ɗura masa. Ban sani ba ko yana yi wa kare."

"Mu gwada."

"Kada ka ce mu. Ban huce ba tukuna."

Amma kafin la'asar Gwaggo Hauwa ta dawo da ƙwaryar nan dai, cike da ruwan dafaffiyar shinkafa da ɗan gishirin Teguidda, da saƙo: "‘Kaɗan-kaɗan, da cokali, ko ya ƙi. Kada ka ba shi komai sai cikinsa ya lafa. Kai ma ka ci abinci, ka rame, mai amana.’"

Illo ya ajiye allura da fata, masu salka suka koma wajen wani. Yana ɗiga ruwan ta gefen bakin kwikwiyon, ya jira, ya sake ɗigawa. Wani lokaci ruwan ya zauna a cikinsa, wani lokaci ya fito yadda ya shiga.

Malam Garba ya lura shinkafar gidansa na raguwa, ya bi sawunta har ƙofar Illo. Bai shiga ba. Ya tsaya a bakin zaure yana kallon saurayin da ke wanke tsumma, ya wanke hannu da ƙasa, ya koma ya ɗauki cokali.

"Illo."

"Na'am, Baba."

"In ya mutu ai ka huta. Ka san haka?"

"Na sani, Baba. Kullum sai tunanin ya zo mini. Shi ya sa nake tsoron in yi jinkirin cokali ɗaya, don ba zan san ko mantuwa ce ko son Zeinabou ba."

Na zaci Malam ya tafi. Na leƙa, na gan shi yana jan carbi ba tare da leɓensa na motsi ba.

Can ya ce, "Akwai fili a bayan katangarka. Ka kafa masa rumfa a can. Rumfa ba gida ba ce." Ya juya, sannan ya ƙara, "Ka turo wancan mai leƙen katanga gobe."

Kwikwiyon ya fara lasar cokali da kansa. Aka koma ba shi shinkafa mai laushi da ɗan dafaffen nama marar kitse. Ranar da ya yi kashi mai tauri, Illo ya kira ni in gani, da murna kamar an yi masa haihuwa. Na taya shi murna daga inda nake.

Aka ɗaura aure cikin sanyi, aka raba goro da dabinon Malam. Lukumanu ya zo, ya ci rabonsa. Da za a kai amarya, Malam Garba ya dafa kanta ya ce, "Na ba ki wanda ba ya yar da abin da aka damƙa masa. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai." Muka ce amin, mata suka rangaɗa guɗa, kare ya amsa daga rumfarsa. A ƙofar ɗaki an ji amarya na cewa, "Mai amana, daga yau furata taka ce kai kaɗai." Shi kuma ya ce, "Na karɓa, Abuna."

Da ayari ya dawo daga Fachi, Illo ya ja karen da igiya har zango, karen ya yi tsawo, gashinsa na sheƙi. Alkasum ya daɗe yana kallonsa.

"Ikon Allah, yana nan? Ai da zawonsa na ba ka shi. Ban so ya mutu a jakata ba ne."